Direban Motar da Ba Ta Kuka

Duk Bahaushen da ya zauna a Pantai Dalam a shekarar korona ta farko ya san labarin Alhaji Abdulwahidu da kujerun mamak, wato shagon cin abincin Indiyawa Musulmi na unguwar. Waɗanda ba su gani da idonsu ba ma sun fi iya ba da shi, don a bakinsu kujerun sun kai ɗari. Gaskiyar magana goma sha huɗu ne, na roba, jajaye, an jibge su a kan juna a ƙofar shagon saboda an hana cin abinci a zaune, sai dai mutum ya yi tapau, a ƙunshe masa ya kai gida.

Alhaji tsohon direba ne. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana jan babbar mota tsakanin Kano da Ikko, kuma a faɗarsa ko akuya bai taɓa takawa ba. Aikin ido ne ya kawo shi Kuala Lumpur. Aka cire masa yana, kwana shida bayan nan aka rufe ƙasa. 'Ya'yansa suka bugo waya suka ce ya yi zamansa wurin jikarsa Hureira da mijinta Sirajo har duniya ta lafa. Ita Hureira digiri na uku take yi a fannin injiniya, kuma abin da take bincike a kai wata 'yar mota ce mai ƙafa uku, mai aiki da batir, wadda ta harhaɗa don ɗaukar kaya a cikin unguwa. Da aka rufe jami'a, malaminta ya yarda ta kawo ta ƙasan benensu ta ajiye.

Ranar da abin ya faru, Hureira ta koma sama ɗauko waya, ta bar makulli a jiki. Alhaji ya zauna, ya yi bisimilla, ya murɗa. Shiru. Shi kuwa a iya saninsa, motar da ba ta yi kuka ba ba ta tashi ba. Sai ya taka totur don ya ji muryar inji, motar kuwa ta ɗauke shi tiryan-tiryan ta kai shi cikin kujeru. Ba wanda ya ji ciwo sai kujera guda da ƙafarta ta tsage. Tun daga ranar, in mai shagon ya hango Alhaji tafe, sai ya rungume kujera ɗaya ya yi kamar zai gudu da ita, su biyun su yi ta dariya daga bayan takunkumi.

Hureira ta kafa doka: kada ya ƙara taɓa makulli. Bai ƙara ba. Amma kullum in gari ya waye zai sauko da tsumma ya goge motar tas, ya zaga ta, ya tsaya yana kallonta. A haka ta same shi wata safiyar Talata, wata biyu bayan nan, da takarda a hannunta, ta gaishe shi.

"Lafiya lau, amarya. Ya kwanan wancan da ya ƙwace mini ke?"

"Yana gaishe ka. Ya ce a tambaye ka ko kujerun unguwa sun kwana lafiya."

"Ki ce masa ya sauko ya tambaye su da kansa, in matakalar bene ba za ta kayar da shi ba."

"Ja takunkuminka sama, ango. Hanci a waje kamar raƙumi ya leƙo katanga."

"Wannan hancin shi kakarki Ɗelu ta gani ta ƙi cin abinci kwana uku. Meye wannan a hannunki? In takardar saki kike nema, ban zo da biro ba."

"Rajistar mota ce. Jiya ta fito."

Alhaji ya ajiye tsumma. Ya goge hannu a jikin riga, ya karɓi takardar da hannu biyu. Da Malayanci aka rubuta ta, bai gane ko kalma ɗaya ba, amma ya san hatimi in ya gan shi.

"To, alhamdu lillahi. Ashe ta ci jarrabawa."

"Ta faɗi."

"Ta faɗi?"

"Warwas."

"To rajistar me aka yi mata?"

"Rajistar waɗanda suka faɗi."

Ya ɗago ya dube ta ta saman tabarau, ya ga ba dariya take ba. Abin ya ɗaure masa kai, kuma Alhaji mutum ne da in abu ya ɗaure masa kai sai ya nemi wurin zama. Ya zauna a kan dakalin fulawa.

"Yi mini bayani a hankali, kamar kina koya wa mijinki Sirajo."

"Ka ga ba ta da ƙofa. Ba ta da jakar iskar nan da ke fitowa ta tare ƙirji. Kuma ba a taɓa gwara ta da bango an auna yadda take lotsewa ba. Motar da za ta hau babban titi sai an yi mata duk wannan."

"Ba a taɓa gwara ta ba? Ki rubuta musu ki ce an yi. Ni na yi musu wannan aikin, ban ma jira an roƙe ni ba."

"Bango suke so, Alhaji, ba kujera ba."

"Ai da kaɗan-kaɗan ake farawa. To da ta faɗi, me ya hana su ce a kai ta bola?"

"Sun ce ba ta isa babban titi ba, amma ta isa ƙarami. Sai suka yi mata iyaka. Nan cikin gidajenmu, da wannan layin na baya har ƙofar jami'a. Ko taya ɗaya ta ɗora a titin da bas ke bi, takarda ta mutu."

"Gudu fa?"

"Kilomita ashirin a awa."

"Ashirin. Na taɓa ganin kaza ta fi haka a Kwanar Ɗangora."

"Kuma da rana kaɗai. Ba fasinja. In ana ruwa a tsaya."

"A garin nan? Garin da ruwa ke zuwa kullum da la'asar kamar an ɗaura masa agogo? To ai motar taki ma'aikaciyar gwamnati ce, ƙarfe huɗu ta tashi."

Ya juya takardar ya duba bayanta, ya sake juyo ta. A zamaninsu amsa biyu mai duba mota yake da ita: ko ya ce wuce, ko ya ce a ajiye ta a cire lamba. Bai taɓa jin inda aka ce wa mota ba ki cika ba, amma ga inda za ki iya ba. Ya so ya san wanda ya fara wannan tunani, da irin motar da ta ba shi tausayi har ya yi shi.

"To su wa ke bin ta su ga ba ta wuce iyaka ba? Ko ɗan sanda aka ba ki, ya riƙa gudu a bayanta?"

"Akwai na'ura a ƙarƙashin kujera, tana rubuta duk inda ta taka. Duk wata sai na tura musu."

"Wato an haɗa ta da 'yar gulma. A bayan nan fa, me za a rubuta? Mota ba suna ai marainiya ce. Tawa ta ƙarshe Sannu Da Hanya aka rubuta mata, da zanen zaki."

"An riga an ba ta suna. Allo ne rawaya, da lamba ashirin a tsakiya."

"Allah sarki. Yarinya kyakkyawa, an sa mata suna Ashirin."

Sai yatsansa ya tsaya a ƙasan takardar, inda aka ja layi biyu. A na farko ya ga sunan Hureira, don wannan kam ya iya karantawa. Na biyu ba komai.

"Wannan gurbin na wa?"

"Na direba na biyu. Wanda sunansa ba ya nan ba zai ja ta ba. Da na abokin karatuna ne, ya tafi garinsu a Indonesiya hutu, ƙasa ta rufe da shi a can."

"Ke ba ki isa ba?"

"Ba zan iya tuƙi ina kallon kwamfuta ba. Dole wani ya ja ta yana zagaye, ni ina zaune ina karanta abin da batir ke yi. Zagaye ɗari uku nake nema kafin in rubuta babin ƙarshe."

"Sirajo fa?"

"Daga safe zuwa yamma yana gaban allo yana koyarwa. Kuma ka san shi da sitiyari."

"Na sani. Ranar da ya kai ni asibiti sai da na karanta duk addu'ar da na iya, na ara ta maƙwabta."

Ya sake duban layin da ba komai. Hureira ta san abin da ke ransa. Shekara uku ke nan da babban ɗansa, mahaifin Hureira, ya shigo ɗakinsa a Kano ya ɗauke makullin 'yar motarsa daga kan ƙusa, ya durƙusa ya ce, Baba, ido ya yi rauni, a yi haƙuri. Alhaji bai yi musu ba, don ya san gaskiya ce. Amma tun ranar duk motar da ya shiga a gefen mai zaman banza yake zama, ƙafarsa na taka birkin da ba ya nan.

"Amarya."

"A'a."

"Ban ce komai ba."

"Hancinka ya faɗa. Ya sake fitowa."

Ya gyara takunkumi. "Tambaya ce ta ilimi. Wannan da ba ta da ƙofa an ba ta takarda. Ni ƙofofina duk suna nan."

"Haƙoranka fa?"

"Huɗu ne suka yi ritaya, sauran suna bakin aiki. Fitilu kuwa sababbi ne, a garin nan aka sa su, likita ya ba ni shaida. Abin da nake son in sani, me ya sa mota in ta gaza ake yi mata iyaka a bar ta tana tafiya, mutum kuwa in ya gaza sai a ɗauke makulli gaba ɗaya? Wa ya ce tsoho daga Ikko sai ɗaki? Ba abin da ke tsakani?"

Sai Hureira ta koma inda ta fi ƙarfi.

"Akwai abin da ke tsakani. Kujera goma sha huɗu."

"Wannan laifin motarki ne. Motar da ba ta gaisuwa. An murɗa ta ta yi gum kamar sabuwar suruka."

"Kuma nan hagu ake bi. Kai ɗan dama ne."

"Ni? Da hagu na ci lasisi, yarinya. Ina kan hanya ranar da aka mayar da mu dama a saba'in da biyu, na ga manyan direbobi suna gumi kamar masu naƙuda. Mutanen garin nan ba sabon abu suke yi ba, tsohon karatuna suke maimaitawa."

"Alhaji, in aka sake yin wani abu, ko fulawa ka taka, za su janye takardar. Shekara huɗu nake kan motar nan. Ga lissafina ma ya ƙi fita, sati biyu batir na shanyewa fiye da yadda na auna, na rasa dalili. Ba ni da ƙarfin haɗa wannan da miji tsoho mai rigima."

"Sati biyu?"

"Sati biyu."

Ya tashi. Ya sa hannu bayan tukunyar fulawa ya zaro wani abu dogo.

"Muciyata ce wannan?"

"Aro na yi."

"Muciyar da na zo da ita tun daga Kano? Wata guda ina tuƙa tuwo da ludayi, na zargi har matar Nahum ta hawa na biyar."

"Ki nemi gafararta. Zo ki ji."

Ya tsuguna a gaban tayar gaba ya ƙwanƙwasa ta da muciya. Ya zaga ya bugi ta dama ta baya. Sannan ya bugi ta hagu.

"Kin ji?"

"Na ji tsoho yana dukan taya da kayan girkina."

"Kunnen 'yan boko. Saurara. Wannan ta ce tim. Wannan ta ce tim. Wannan kuwa tub take cewa. Direban babbar mota ba ya tada inji sai ya zaga ya gaisa da kowace taya. Ta hagun nan sati biyu ke nan muryarta ta dushe. Iska take sha a hankali. Taya mai laushi kuwa jan mota take, ko jaki aka ɗaura mata sai ya ci abinci ninki."

"Na duba ta da ido, lafiyarta lau."

"Ba kaya a kanta, ina za ki gani? Sai an ɗora mata buhunan yashin nan naki na gwaji take zama."

"To me ya hana ka faɗa?"

"An ce kada in taɓa mota. Ni mai biyayya ne a gidan aurena."

Hureira ta buɗe akwatin kayan aiki ta ɗauko ma'aunin iska. Ta auna ta dama, ta auna ta hagu, ta sake auna ta hagu. Iskar ta hagun ta yi ƙasa sosai. Alhaji ya kwance hular bakin tayar, ya janye takunkumi, ya kai yatsa baki.

"Me za ka yi?"

"Yawu zan sa a bakin bawul. In ya yi kumfa, nan ne."

"Yawu? A wannan zamanin? So kake a rufe benen nan gaba ɗaya, a zagaye mu da waya, a sa mu a labarai?"

"Shekara arba'in da yawun nan nake aiki, ba wanda ya yi ko atishawa."

"Mayar da yatsanka."

Ta ɗauko 'yar kwalbar sabulun wanke hannu daga jaka ta ɗiga a bakin bawul. Suka sunkuya su biyu. Can sai ga ɗan kumfa ya taso, ya fashe, wani ya biyo.

Hureira ta zauna a ƙasa ta dafe goshi tana dariya. "Sati biyu ina zagin kwamfuta. Har na rubuta wa malamina na ce ina jin lissafin ne ya karkace tun daga tushe."

"Ki sake rubuta masa. Ki ce an samo Farfesa Muciya."

"Ko da na yarda, ba ni ke yankewa ba. Lasisi mai rai suke nema, da takardar likitan ido. Naka ai ya mutu tun kafin in yi aure."

Alhaji ya sa hannu a aljihun 'yar ciki, ya fito da jakar fata da yake ajiye fasfo, ya zaro kati ya miƙa mata. Ta duba kwanan wata, ta dube shi.

"Sabo ne. Bara aka yi shi."

"Da ya ƙare na hau a-daidaita na je na sabunta. Ban gaya wa kowa ba."

"Shekara biyu bayan an karɓe makulli? Don me?"

"Makulli babanki ya ɗauka. Ban ji ya ce ya ɗauke direban ba."

Ta daɗe tana kallon hoton da ke jikin katin, tsoho ya gyara hula ya ƙura wa kyamara ido da idanun da a lokacin ba sa gani sosai. Sannan ta share hanci ta ce sabulun ne ya shiga mata ido.

"Zan tura musu. In sun ƙi, sun ƙi. In sun yarda, nima ina da tawa iyakar a kan tasu. Tabarau a fuska. Bayan karin kumallo, kafin azahar. Ba ɗaga wa mata hannu."

"Wannan na ƙarshen kishi ne, ba injiniyanci ba."

"Kuma ka dawo mini da muciyata."

"Sai kin saya mini guduma. Babanki fa? In ya ji?"

"Ɗanka ne, kai ka san yadda ka rene shi. Ni mijina nake yi wa rajista."

Kwana tara amsa ta ɗauka. A cikinsu Alhaji bai tambaya ba ko sau ɗaya, sai dai kullum in Hureira ta buɗe kwamfuta, sai ya tuna yana da abin ɗauka a bayan kujerarta. Ran na tara ta sauko da sabuwar takarda, ta nuna masa layi na biyu, ta bar shi ya karanta sunansa da kansa, harafi-harafi. Sannan ta ɗora masa makulli a tafin hannu.

Ya zaga ya gaisa da tayoyi uku. Ya zauna, ya gyara tabarau, ya yi bisimilla. Hureira ta koma kan dakali da kwamfuta a cinya. Motar ta zame a hankali ta bi gefen hagu, allon rawaya na rawa a bayanta, ta wuce wurin ajiye babura, ta sha kwanar surau, ɗan masallacin unguwar, ta miƙe layin baya. A allon Hureira lambar gudu ta hau tara, ta kai goma sha ɗaya, ta tsaya nan. A daidai bishiyar mangwaro wata tsohuwa 'yar Sin da ke sassarfar motsa jiki, da takunkumi da 'yar laima, ta biyo shi a baya, ta jera da shi, ta dube shi, ta wuce.

Da ya kammala zagaye ya dawo, ya tsaya daidai gaban dakali, taya ba ta ko goga bakin kwalta ba. Bai sauko ba. Hannunsa biyu na kan sitiyari.

"Ya lissafi?"

"Lissafi ya fita. Kai ne ba ka fita ba. Ashirin aka ba ka, ango, ka ci goma sha ɗaya. Direban Ikko guda, tsohuwa ta wuce ka da ƙafa, har da laima. Wallahi sai na gaya wa duk Pantai Dalam."

Alhaji ya dubi layin da tsohuwar ta bi, ya shafa sitiyari da babban yatsa.

"Ki bar ta ta wuce, amarya. Ita sauri take ta koma gida. Ni shekara uku ina gida. Saura zagaye nawa kika ce?"

"Ɗari biyu da casa'in da tara."

"To ina laifin goma sha ɗaya. Da ashirin ai da wuri za su ƙare."